Rahoton Ma'aji

Sun ce in rubuta rahoto,
shafi biyu, kar ya wuce,
in liƙa rasit a baya.
To, ga shi. Ni ce ma'aji,
ni aka damƙa wa jaka
don duk ajinmu an san ni da rowa.

Dubu ɗari da tamanin.
Bilyaminu ya ji, ya kece da dariya:
"Ai wayar malaminmu ta fi haka tsada."
Kachollom ta harare shi:
"Da babu, gara ba daɗi."

Wata huɗu muna jiran kuɗin.
Ranar da suka shigo,
baron da muka taya dubu talatin
ya riga ya haye arba'in da biyar.
Muka ɗauki biyu, muka yafe na uku.
Shebur huɗu, ɗaya ya karye ran Laraba.
Safar hannu, takalman roba,
da ruwan leda da ba ya isa.

Asabar, kafin rana ta leƙo kan duwatsu,
muna Farin Gada, bayan rumfunan gwari,
inda tumatir ke mutuwa a tsibi,
kabeji na zubar da riguna,
ƙuda na ɗaurin aure.
Malam Tanimu ya ajiye kwando ya dube mu:
"'Yan jami'a da kwasar ruɓa?
Karatun ne ya ƙare, ko kuwa?"
Mako uku bayan nan
shi ke ware mana ruɓaɓɓen a gefe,
har yana yi wa yaransa faɗa
in sun haɗa mana da leda.

Ramin takin yana gonar Baba Davou,
bakin kududdufin da masu kuza suka bari,
ruwa kore, shiru, ba a san zurfinsa ba.
Shekara biyu bai sayi takin zamani ba,
ya ce buhu ɗaya ya fi ƙarfin akuyarsa.

Yanzu ga abin da takardarku ba ta da gurbinsa.

Akwai wata gada.
Kachollom ba ta ƙetare ta ba tun tana 'yar tara,
tun ranar da aka tashe su daga makaranta da hantsi
aka ce kowa ya ruga gida.
Bilyaminu ma yana da tasa gadar,
ita ce dai, daga ɗaya gefen.
Amma baro bai san unguwar kowa ba,
inda gangara take, nan yake bi.

Ita ke turawa ranar da taya ta fashe
a tsakiyar Unguwar Rogo.
Na ga hannunta ya ƙanƙame ƙarfe.
Wani mai faci ya taso, baki da goro,
ya juya baron, ya liƙe, ya hura,
ya tambayi sunanta, ya kasa faɗa,
ya sake gwadawa, ta gyara masa,
har sau uku, har ta yi dariya.
Na miƙa ɗari biyar. Ya ce in mayar.
Shi ya sa babu rasit na faci,
kar ku ce na ci.

Kun tambayi adadin waɗanda suka amfana.
Na rubuta goma sha ɗaya, na goge.
In ƙirga tanar da ta cika ramin?
In ƙirga matar Baba Davou
da ta aiko mana karas a bokitin fenti,
ƙasa a jikinsa, zaƙi kamar rake?
Ramin na biyu bai yi ba, ruwa ya shanye shi,
wannan ma ku rubuta.

Saura naira ɗari uku da hamsin.
Suna cikin ambulan, ban taɓa ba.
Rasit na bakwai ya ɗan jiƙe,
ku yi haƙuri da warin,
tumatir ne.

Sa'adatu Ɗanjuma, ma'aji.
Asabar mai zuwa ma za mu je.